Gonar Gulbi da Takardun Ankara

Mutanen Kanan-Bakashe sun san ni da Isuhu Mai Sikeli, kuma da yawansu suna zaton da sana'ar aka haife ni. Ba haka ba ne. Gona guda aka jinginar kafin in tafi in koyo ta, kuma labarin gonar nan ne ban cika son bayarwa ba. Yanzu gemu ya yi fari, wanda nake jin kunyarsa ma ya riga ni tafiya, don haka bari in faɗa.

Shekarun da aka sauke tutar Nasara, gujiya ce ke riƙe da ƙasarmu, ita da Kanawa ke ce wa gyaɗa. Da ita ake aure, da ita ake biyan lanho, wato harajin kai. Sikeli ɗaya ne a wurin awon garinmu, in ya lalace sai a yi mako guda ana zaune kan buhuna ana jiran wani mutum daga Maraɗi. Ya zo ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa na rabin yini, ya karɓi abin da manomi ba ya samu a wata, ya hau mota. Ina da shekara ashirin da biyu, ga ni da ido a kan samun mutane. Na ce wannan aikin nawa ne.

Wana Illa shi ke riƙe da gida tun rasuwar mahaifinmu. Wata uku ina damunsa kafin ya yarda ya jinginar da gonar gulbi, wadda ke cikin goruba a bakin Gulbin Kaba, gonar da ko damina ta yi gardama ba ta barinmu hannu banza. Alhaji Gado, mai sayen gujiya a Tasawa, ya ba da jikka ashirin, kowace jikka faranka dubu. A gaban mai gari da liman aka yi sharaɗi: Alhaji zai noma ta damina uku, in ruwan shuka na huɗu ya sauka ba a mayar masa da kuɗinsa ba, gona ta zama tasa. Da Illa zai miƙo mini kuɗin sai ya ce, "Isuhu, wanga kuɗɗi ba nawa ba ne, na gona ne. Ka tahi ka koyo, ka maido mata abinta." Na ce masa shekara biyu ma ta yi yawa.

A Kano na fara sanin cewa ni ɗan Faranshi ne. Ban taɓa ganin Faransa ba, amma da na buɗe baki sai a yi murmushi a ƙara wa kaya kuɗi. Na sami wani Malam Sabo a Fagge, da tsofaffin sikeli biyu rataye a bakin rumfarsa. Ya karɓi jikka huɗu kuɗin koyo, ya ce in ɗauke shi uba. Wata huɗu ina ɗebo ruwa, ina goge fitilu, ina zuba wa kwaɗon ƙofa mai. Duk lokacin da na tambaya yaushe za mu buɗe sikeli sai ya ce, "Haƙuri, ɗan Faranshi, ka iya kwaɗo tukuna."

Ran nan wani ya kawo sikelinsa a kan jaki. Zuciyata ta yi fari, na ce yau za a fara. Malam Sabo ya kewaya shi sau biyu, ya taɓa nan ya taɓa can, sannan ya ce aiki ya yi masa yawa, a kai wani wuri. Ba mu da aikin komai a ranar sai fitila ɗaya. Nan na gane sikelin da ke rataye ado ne kawai. Na nemi kuɗina, ya ce ai na ci tuwonsa wata huɗu. Har yau ban sake cin tuwo mai tsada irin wannan ba.

Wani ɗan goro mutumin Gazawa ne ya tausaya mini. Ya ce in gyaran sikeli nake nema da gaske, Kumasi zan nufa, inda ake awon koko, can masu aikin suke. Na bi shi a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan muka rabu, na shiga motar kaya mai bin bakin teku. A Lome zazzaɓi ya kayar da ni, direba ya sauke ni a gefen kasuwa ya yi gaba. Kwana uku ina kwance ƙarƙashin wata rumfa. Wata mata mai sayar da kunun masara takan zo safe da yamma ta ɗaga kaina ta ɗura mini kunu da wani ruwan ganye mai ɗacin tsiya. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, faɗa kawai take yi mini ina gyaɗa kai. Da na miƙe na ciro dala biyu, wato faranka goma, na ba ta, sai ta buge mini hannu ta nuna mini tashar mota. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Kumasi ƙasa ce da ruwan sama ba ya jin kunya. A wurinmu mutum kan ɗaga kai wata takwas yana roƙo, su kuwa damina biyu suke yi a shekara, har suna ƙorafi. Duk sanda ruwa ya sauko sai gabana ya faɗi, in tuna gona, sai in lallashi kaina cewa wannan ba namu ba ne. Gero kuwa sai a mafarki. Na ci dokunu, tuwonsu na masara mai tsami, har na daina yamutsa fuska, amma ranar da wata 'yar Zango, unguwar Hausawan garin, ta sayar mini da furar masara, zama na yi bayan masallaci na yi hawaye kamar an yi mini mutuwa. Ba furar ce ta yi laifi ba, gida ne ya taso mini.

A bayan kasuwa na sami Papa Kwaku, wani dattijon Asante gajere mai ƙaton tumbi, wanda masu sayen koko ke aiko wa mota. Yana jin Hausar Zango. Na kwance ɗamarata zan nuna masa kuɗin da suka rage mini, ya ture hannuna. "Kuɗi ba na so. Kawo kaza ɗaya, ka zo da safe. In ka yi sata na kore ka, in ka yi ƙarya na kore ka." Na kai kaza, ya yanka wa kakanninsa, ni dai ban ci ba.

Wata uku na farko magagari kawai na riƙe. Sikeli a kan wasu ƙananan ƙarafa masu kaifi yake tsaye, muna ce musu wuƙaƙe, in sun dakushe sai ya fara ƙarya. Papa Kwaku zai sa in goge ɗaya tun safe har azahar, ya shafa da babban yatsa, ya jefar da ita cikin kwando ya ba ni wata. Yana da duwatsun awo na tagulla a naɗe cikin ƙyalle, ba mai taɓa su sai ya wanke hannu. Bayan shekara ya fara tafiya da ni ƙauyukan koko, yana ba ni kashi ɗaya cikin uku na abin da muka samo. Ban sha taba ba, ban sayi agogo ba, ko rediyo da duk ɗan Zango ke mafarkinsa ban kalla ba. Abin da na tara nakan kai wa 'yan goro su musanya mini da faranka.

Lokacin da labari ya zo cewa an gama girbin damina ta uku a gida, jikka ashirin da uku ne a ɗamarata. Saura wata shida ruwan shuka, hanya kuwa ba ta fi mako uku ba. Papa Kwaku ma ya ce hannuna ya nuna. Da na ɗaure kayana a makon nan, da yanzu wani labari nake bayarwa.

Sai na haɗu da Musa Komi. Mutumin Tasawa ne, ya taɓa yin aikin rubutu a wani kamfanin Nasara a Maraɗi, ban san abin da ya raba su ba. Kullum yana teburin mai shayi da farar taguwa da alƙalami a aljihu, mu 'yan ƙasa muna kewaye da shi, don shi kaɗai ne ya yi lakwal, wato boko, a cikinmu. Da ya ji zan koma in buɗe rumfata sai ya ce, "To, fatanti hwa? Ka san duk mai sana'ar kansa sai ya biya fatanti kowace shekara, ban da lanhon kai?"

Na ce na sani.

"Kana da resi na kuɗɗin da ka kashe wurin koyo?"

Na ce ba ni da shi.

Ya girgiza kai kamar likita ya ga ciwon da aka makara. "Kun ga illar rashin lakwal. Doka ta ce abin da mutum ya kashe wurin koyon sana'a, in ya kai resi biro, wurin masu karɓar lanho, ana cire mishi daga abin da zai biya. Da idona na gani. Kamfaninmu ya aika mutum biyu Dakar koyo, har kuɗɗin jirgi anka cire. Kuma yanzu mulki namu ne, mai difilom za a ba sikelin kasuwanni duka. Kai kuwa za ka koma da hannu biyu kamar maƙerin ƙauye."

Ba zan ɗora wa Musa laifin da ba nasa ba. Bai ci ko dala tawa ba, kuma ya yarda da abin da yake faɗa. Maganar maƙerin ƙauyen nan ce ta shige ni. Na ga kaina na shiga Kanan-Bakashe da takarda mai hatimi, mai gari yana juya ta a hannu.

Na je wurin Papa Kwaku na ce ya rubuta mini resin jikka ashirin. Ya dube ni ta saman tabarau. "Na karɓi kuɗi wurinka?" Na ce a'a. "To resin kaza kake so?" Ma'aikatan rumfa suka yi dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Papa Kwaku ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai faru ba, in tafi gida tun da sauran lokaci, wanda sikelinsa ya lalace ba takarda zai tambaye ni ba. Na ɗauka baƙin ciki yake yi kada in fi shi. Ban yi masa sallamar kirki ba. Duk da haka, da na buɗe jakata a mota sai na tarar da magagari biyu da ƙananan duwatsun tagulla a naɗe cikin ƙyalle.

A Ankara, babban birnin ƙasar, can bakin teku, akwai wata makarantar sana'a a saman bene, bisa wani kantin yadi, Musa ne ya ba ni kwatancenta. Wata shida, kuɗinta daidai da jikka goma sha takwas, ana biya kashi biyu. Lissafina a lokacin ya yi mini kyau ƙwarai. Kuɗin ba ɓata za su yi ba, rance ne na ba gwamnati, za ta mayar mini ta hanyar fatanti. Alhaji Gado kuwa mai arziki ne, shekara ɗaya ba za ta dame shi ba. Na biya kashin farko, na aika wa Illa saƙo ta hannun 'yan goro cewa ya roƙi Alhaji ya ƙara mana damina ɗaya.

Da Ingilishi ake karatun, ni kuwa abin da na iya bai wuce na cinikin kasuwa ba. Malamin yana zana sikeli a allo muna kwafa. Akwai sikeli ɗaya na gaske a kusurwar ɗaki, ya daɗe da lalacewa, ni na gyara shi wata ranar Asabar, malamin ya tsaya a kaina yana kallo. Ko wannan bai farkar da ni ba. Abincina da kuɗin ɗaki daga gyaran ma'aunin mata masu kifi nake samu. Resina kuwa, mai kan sarki da hatimi shuɗi, na sa shi cikin gwangwani, ina buɗewa in duba kamar mai kiwon kaza.

Wata biyu da farawa amsar Illa ta iso, liman ya rubuta masa da ajami. Gajeriya ce: "Alhaji bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ka taho da abin da ke hannunka, ko nawa ne." A ranar jikka goma sha huɗu ke ɗamarata, ban da ɗan abin mota. Na karanta sau biyu. Na ce Illa manomi ne, bai san yadda duniya ta koma ba, in na bari yanzu jikka taran da na biya sun tafi a banza. Mako na zagayowa na hau benen nan da ƙafata na biya kashi na biyu.

Wata shida suka cika, aka ce difilom sai mai makaranta ya dawo daga tafiya ya sa hannu. Muka jira wata uku. Ruwa yana ta zuba a Ankara ina ce wa kaina namu yakan makara. Da takardar ta fito, ga ta da zanen zinariya a gefe, sun rubuta sunana yadda ko uwata ba za ta gane shi ba. Na naɗe ta na kama hanya.

Da na iso Tasawa ban wuce gida ba. Na ce sai na fara zuwa biro, in shiga gari da labari mai daɗi a baki. Wani saurayin ma'aikaci na samu, mai ladabi, har kujera ya ba ni. Na zazzage masa gwangwanina a tebur na yi bayani. Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.

"Malam, wa ya hwaɗa maka hakanga?"

Na gaya masa.

"Bai yi ƙarya ba, amma wannan na manyan kamfanoni ne masu littahin lissahi, su da aka yi ma lanho bisa ribarsu. Irinku fatanti ƙayyadadde ne, kowa da ajinsa. Mai rumfa kamar taka jikka ɗaya da rabi ne a shekara, ko a Faransa ya yi karatu. Ba a cire komi."

Jikka ɗaya da rabi. Sai a kujerar nan na tuna cewa duk zamana da Musa Komi ban taɓa tambayar nawa ne fatantin ba. Ko da dokar ta hau kaina, sai na yi shekara goma sha biyu kafin kuɗina su dawo. Na tambaye shi zancen sikelin kasuwanni, ya ce masu sayen gujiya ke neman mai gyaransu da kansu, ba ruwan biro. Ya tattara mini takarduna da kyau ya mayar cikin gwangwani.

Hanyar shiga garinmu ta gefen gulbi take bi, ba yadda za a yi mutum ya kauce. Gujiya ta rufe ƙasa kore shar, mutum biyar da ban sani ba suna noma na biyu a ciki. Ɗaya ya ɗago ya yi mini sannu da hanya, na amsa.

Illa ya rame. Ya rungume ni, ya sa matarsa Rabi ta dama fura, maƙwabta suka cika gida ana barka da zuwa. Sai bayan la'asar da muka rage mu biyu ya ba ni labari, a hankali, yana gyaran ƙotar hauya. Ya sayar da sansa da awakin Rabi ya haɗa jikka bakwai. Ruwan shuka ya sauka, Alhaji ya ƙara kwana tara a kan sharaɗi, ya ce a kawo cikon ko daga ina ne. Kwana taran nan kullum Illa yana bakin hanya yana duban motocin da ke fitowa daga Tasawa. Ran na goma mai gari da liman suka shaida, aka gama. Yanzu wata gonar tudu yake nomawa ta aro, yashi zalla.

Ya ɗago ya ce, "Lokacin da takardata ta ishe ka, nawa ke hannunka?"

Goma sha huɗu da bakwai, ko wanda bai yi lakwal ba ya san abin da suka tashi. Na ce masa, "Ba komi, Yaya. Duk na riga na biya."

Ya ce, "To, Allah bai nuhwa ba." Ya ci gaba da gyaran hauyarsa. Shekara talatin da ɗaya muka ƙara tare, ban gyara maganar nan ba, kuma ita ce ta fi ci mini rai a cikin duk abin da na yi. Daga baya sana'a ta karɓe ni, har daga Cake da Gidan Amumune ake aiko mini. Na kai wa Alhaji Gado ninkin kuɗinsa, ya ce ya riga ya haƙa rijiya a gonar ya ba ɗansa. Ban ga laifinsa ba.

Kakar farko bayan dawowata, wani mai sayen gujiya ya ɗauke ni in daidaita masa sikeli in tsaya a kansa ranar awo. Na goge wuƙaƙe, na gwada shi da duwatsun tagulla har ya tsaya cif. Layi ya yi tsawo. Can da hantsi sai ga Illa da jakin aro, buhu huɗu, shi ke nan abin da tudu ya ba shi, mu da muke kawo ashirin daga gulbi. Na san lanhon gidanmu na shekarar, har da na kaina da yake biya tun ina Kano, na kuma san buhu huɗun nan ba za su kai ba.

Duk wanda ya iya tsayar da sikeli ya iya karkata shi. Mai sayen gujiyar yana can yana ƙirga kuɗi, magatakarda kuwa abin da na faɗa shi yake rubutawa. Aka ɗora buhun farko. Na kai hannu ƙarƙashin sandar awo kamar mai share ƙura, ɗan yatsa ɗaya ya isa. Illa yana tsaye kusa da ni yana share gumi da hularsa, ashe idonsa na kan hannuna. Ya matso, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai ni.

"Ɗauke hannunka, Isuhu. Gona guda munka ba da don ka iya awon gaskiya."

Na ɗauke. Na faɗi nauyin yadda yake, magatakarda ya rubuta, Illa ya sunkuya ya kama buhu na biyu.